Rajistar tsofaffin itatuwan fain na garin Jos: littafin aiki daga Nuwamba 2024

9 ga Nuwamba, 2024

An buɗe rajista yau. Za ta ɗauki tsofaffin itatuwan fain (pine da Turanci) da ke tsaye ɗai-ɗai a cikin gari: bakin titi, harabar makarantu da wuraren ibada, tsofaffin gidajen gwamnati na GRA, sai gefen Rayfield da Bukuru har zuwa Vom. Kurmin fain da ke cikin gandun namun daji na Jos ba ya ciki. Wancan yana da masu kula da shi, kuma itacen da ke cikin 'yan'uwansa daban yake da wanda ke tsaye shi kaɗai tsakanin kwata da katanga.

Fain baƙo ne a ƙasar nan. Gwajin shuka shi a kan tudun Jos ya kankama ne a shekarun 1950 da 1960, lokacin da ma'aikatan gandun daji ke neman itacen katako da na takarda mai saurin girma. Sun zaɓi nan saboda garin yana sama da teku da kamar mita 1,200, ga sanyi, ga damina mai kai wa daga Afrilu zuwa Oktoba. Ke nan wanda ya fi tsufa a cikin namu bai wuce shekara saba'in da 'yan kai ba. Kusa da kuka ko rimi yaro ne, amma ga wannan jinsin a cikin gari tsufa ne sosai, kuma ba a ganin matasa masu maye gurbinsu.

Sharaɗin shiga rajista: kewayen gangar jiki ya kai santimita 150 a tsayin mita 1.3 daga ƙasa. Kowane itace yana da takarda guda mai lamba, jinsi, wuri, kewaye, tsayi, karkata, yanayin kai, da hoto huɗu daga gabas, yamma, kudu da arewa.

23 ga Nuwamba, 2024

Jerin farko da aka tattaro daga bakin mutane ya kai 61. An cire 18 domin ba fain ba ne.

Sha ɗaya daga ciki kasuwarina ce, wadda mutane ke kira fain mai fito saboda ƙarar da iska ke yi a cikinta. Gane ta ba wuya. A tsinko abin da ke kama da allurar, a ja: idan ya rabu gaɓa-gaɓa kamar ƙaramar kara, kasuwarina ce. Biyar arokariya ce, mai rassa hawa-hawa da ake kira bishiyar Kirsimeti. Biyu saifires ne.

Fain na gaskiya ganyensa allurai ne a ɗaure cikin ƙulli, da ɗan kube a gindin kowane ƙulli. Ƙirga allurai shi ne matakin farko, amma kada a yanke hukunci da ƙulli ɗaya. A tsinci ashirin daga ƙasa a ɗauki abin da ya rinjaya.

Pinus caribaea, da muke rubutawa karibiya, yawanci uku-uku ne, allurar doguwa mai ɗan tauri, santimita 15 zuwa 25. Asalinsa Amurka ta Tsakiya da Kuba da Bahamas. Pinus oocarpa, okafa, yawanci biyar-biyar ne, kwansonsa, wato ɗan itacen da ke ɗauke da iri, kamar ƙwai a kan doguwar mariƙa, kuma yana daɗewa a reshe bai faɗo ba. Asalinsa daga Meziko zuwa Nikaraguwa. Pinus kesiya ma uku-uku ne, sai dai allurarsa siririya ce mai laushi, kwansonsa ƙarami. Shi daga gabashin Indiya zuwa Filifin ya fito. Tsakanin karibiya da kesiya ake rikicewa, kuma kwanso ne ke raba gardama.

Cikin 43 da suka rage: karibiya 29, okafa 9, kesiya 3. Biyu an bar gurbin jinsinsu fari har a samu kwanso.

7 ga Disamba, 2024

An sake awon goma sha huɗu na farko. Mutum biyu sun auna itace guda sun samu bambancin santimita 9, wanda ya fi ƙarfin girman shekara biyu ko uku. Da an bar shi haka, awon baɗi ba zai nuna komai ba.

Dalilai uku aka gano. Tef ɗin tela yana miƙewa, ga shi gajere, sai an haɗa biyu. An koma tef ɗin magina mai mita 30. Na biyu, kowa yana kintatar tsayin ƙirjinsa ne. Yanzu an yanke gora daidai mita 1.3 ana jingina ta. Na uku, gangare. Jos ba ta da fili shimfiɗaɗɗe, don haka a kullum ana tsayawa ta gefen tudu, ba ta gefen kwari ba. Idan itace ya karkata, tef ya zagaya shi a gicciye da gangar, ba daidai da ƙasa ba. Idan akwai ƙullutu a wurin, a hau sama da shi a rubuta tsayin da aka auna. An ɗiga farin fenti a wurin awo domin na gaba ya samu wurin.

Mafi kauri zuwa yanzu lamba 12 ne, karibiya, kewaye santimita 241. A raba da 3.14, faɗinsa ya kama kusan santimita 77.

Tsayi da sanda ake auna shi. A riƙe sanda a tsaye, hannu a miƙe, tsawon da ke sama da hannun ya yi daidai da nisan ido zuwa hannu. A yi ta ja da baya har kan sandar ya haɗu da ƙololuwa, hannu ya haɗu da gindi. Nisan da ke tsakanin mutum da itacen shi ne tsayinsa. A gangare wannan dabarar tana ƙarya, sai an ja da baya ta gefen da ƙasa take daidai da gindin.

Wurin da taswirar wayar hannu ke nunawa kan kauce da mita 5 zuwa 10 a ƙarƙashin inuwa. Inda itatuwa ke jere, wannan ya isa a ɗauki wani a matsayin wani, don haka kowace takarda ta samu ƙarin layi: mita nawa daga ƙofa, ko daga turken lantarki, ta wace fuska.

21 ga Disamba, 2024

Makon Kirsimeti. An sare ƙananan rassa a itatuwa shida don ado. Ga babban itace wannan ba kisa ba ne, matsalar yadda ake saran ce: da adda, daga sama, reshen ya ɓalle ya yage ɓawo har gangar jiki. An gyara guntayen da zarto.

Alamun alminiyam da aka kafa guda 43 saura 17. 'Yan jari bola sun yi gaba da sauran. An koma rubuta lamba da fenti a ɓawo, sama da mita biyu, ta gefen da ba ya kallon titi. Waɗanda suka rage ma ƙaro ya fara rufe su, domin an buga ƙusar har ƙarshe. Ƙa'idar ita ce a bar santimita 3 zuwa 4 a waje, kan ƙusar ya ɗan sunkuya ƙasa, alamar ta rataya nesa da ɓawo.

11 ga Janairu, 2025

An sauya takardar rajista. Ta farko ta cika kallon sama: tsayi, kai, rassa. Amma da aka jera hotunan duk itatuwan da kansu ya yi sharaf ko ya fara bushewa, su 15, sai aka ga 13 daga cikinsu ciwon a gindi yake. An ƙara gurabe biyar: ƙuna, sassaƙa, siminti ko intalok, haƙa kusa da gindi, da abin da ake ajiyewa a ƙarƙashi.

Ƙuna ce kan gaba. Mai shara yana tara busassun allurai da leda a jikin gindi, domin nan ne iska ba ta kwashe su, ya cinna wuta. Karibiya da okafa itatuwan dajin da wuta ke bi ne, ɓawonsu mai kauri yana jure wutar ciyawa da ke wucewa cikin minti ɗaya ko biyu. Wutar bola ba wucewa take ba. Tana zaune wuri guda awa ɗaya ko fiye, ta dafa siririn ɓargon da ke tsakanin ɓawo da katako, wanda shi ne mai rai. Bayan wata biyu ɓawon ya ɗaye, ƙaro ya tsiyaye ya jiƙa wurin. Wuta ta gaba ta samu mai a shirye. Haka rami ke shiga ciki shekara bayan shekara.

Daga nan sai sassaƙa. Katakon da ƙaro ya jiƙa yana kama wuta ko da damina, don haka ana feƙe shi da gatari don hura murhu da gawayi. Itatuwa bakwai na da irin wannan raunin, kuma a kullum a wurin tsohuwar ƙuna yake farawa. Gara takan shigo ne a ƙarshe, ta ci mataccen katakon da wuta da gatari suka buɗe mata. Masu gida suna ɗora wa gara laifi su nemi magani, alhali ba a nan gizo ke saƙar ba.

Aikin yau: an share allurai da ciyawa mita biyu kewaye da gindin itatuwa 20, an kwashe bola daga takwas. Allurar ba a ƙona ta ba, an zuba a buhu an ajiye har damina.

25 ga Janairu, 2025

An tsinko kwanson okafa 70 da ba su buɗe ba daga itatuwa biyar, da ƙugiya a kan doguwar gora. An zaɓi masu launin ƙasa-ƙasa, an bar kore. An shanya a kan tamfol kwana shida, ana juyawa, ana rufewa da dare. Da suka buɗe aka kaɗe su cikin buhu, aka murje fukafukan irin da hannu, aka sheƙe.

An zuba irin a ruwa: wanda ya taso yawanci fanko ne. Na itatuwa biyun da ke tsaye su kaɗai kusan duka ya taso. Fain iska ce ke kai masa garin fure, kuma wanda ba shi da ɗan'uwa kusa yakan cika kwanso da iri marar ciki. Nan gaba daga inda suke uku ko fiye za a ɗiba.

Kwanson karibiya da aka samu a ƙasa duk sun riga sun zubar da iri. An sa wa itatuwa huɗu ido, ana duba su duk wata.

8 ga Fabrairu, 2025

Gwajin rami. Ana bugun gangar da gudumar roba daga gindi zuwa inda hannu ya kai, zagaye huɗu. Lafiyayyen katako yana amsawa a taƙaice, mai rami yana amo kamar ganga. Hattara da ɓawon da ya saki, shi ma yana amon ganga alhali cikin lafiya lau. A ɗan danna da hannu kafin a rubuta. Inda rami ya buɗe, ana zura siririn rodi a auna zurfi.

Ma'aunin da masu duba itatuwa suka saba aiki da shi: lafiyayyen katakon da ya kewaye ramin ya kai kashi ɗaya cikin uku na nisan tsakiya zuwa ɓawo. Lamba 27 kewayensa santimita 201, faɗi 64, rabin faɗi 32, ke nan ana son katanga mai kaurin kusan 11. An samu 7 ta gabas, kuma bakin ramin ya ci fiye da kashi ɗaya cikin uku na kewayen. Ga shi ya karkata zuwa wurin da ɗalibai ke taruwa da safe.

Ma'aunin ba hukunci ba ne. Lamba 9 ma raminsa ya kusan haka, amma yana bayan katanga inda ba kowa, kansa ƙarami ne, iska ba ta samun abin kamawa. Shi an bar shi, za a riƙa duba shi sau biyu a shekara. Lamba 27 an rubuta wa masu wurin da ofishin gandun daji cewa a kawar da taron daga ƙarƙashinsa yanzu, a yanke shawara kafin iskar farkon damina.

Ba a cika rami da siminti. An tarar da biyu da aka yi wa haka tun da daɗewa: simintin ya rabu da katako, ruwa na kwanciya a tsakani, kuma duk mai zarton inji da ya zo nan gaba sarƙarsa za ta ci dutse.

An shuka irin okafa 300 a akwatin yashi da aka tankaɗe, zurfin rabin santimita, ƙarƙashin rumfar ciyawa.

1 ga Maris, 2025

Sun tsiro 112, daga kwana na tara zuwa na ashirin. Talatin sun kwanta daga baya, wuyansu ya ruɓe daidai bakin ƙasa. Ban ruwan yamma ne ya jawo, ga rumfar ta yi duhu. An koma ban ruwa da safe kawai, an rage ciyawar rumfa rabi.

Saura 82 an mayar cikin leda. Haɗin ƙasar: kashi biyu ƙasar sama, kashi ɗaya yashi, ba toka, ba kashin kaji. Fain ƙasa mai ɗan tsami yake so, toka kuwa tana kashe tsamin. A leda 60 an gauraya ƙasar da aka kankaro daga ƙarƙashin tsofaffin fain, awo ɗaya cikin goma. Akwai wata fumfuna da ke zama a jikin ƙananan saiwoyin fain tana jawo masa ruwa da abinci, kuma ƙasarmu ba ta da ita da asali. A ƙasashe masu zafi da dama, har da Najeriya, dashen farko ya yi ta tsumburewa sai da aka kawo ƙasa daga inda fain ya riga ya kafu. Santimita biyar na sama kawai ake ɗiba, kaɗan-kaɗan daga wurare da yawa, a rufe ta da danshi, kada ta sha rana. Leda 22 an bar su haka don kwatanci.

Za a rage fita cikin azumi. Ban ruwa ne kawai zai ci gaba.

5 ga Afrilu, 2025

Itatuwa huɗu da ke cikin intalok sun samu durom ɗaya-ɗaya, lita 200, duk kwana goma sha biyu tun farkon Maris. Ba a gindi ake zubawa ba, a ƙarƙashin bakin rassa ne, a hankali. A biyu masu gida sun yarda an ɗaga bulo mita biyu kewaye.

Ga lissafin da muke ba duk mai shirin gini ko haƙa. Ƙa'idar da ake bi a Ingila ita ce a ninka faɗin gangar sau 12, abin da ya fito shi ne nisan da ba a taɓawa daga gindi. Ga tsohon itace sau 15. Lamba 12 mai faɗin santimita 77 yana buƙatar mita 9 da ɗoriya, ko mita 11 da rabi. A cikin gari da wuya a samu haka ta ko'ina, amma lissafin yana nuna wa mutum cewa ramin bututu mita ɗaya daga gindi ba ƙaramin abu ba ne. Yawancin saiwoyin da ke ciyar da itace suna cikin santimita 60 na sama, daidai zurfin da ake haƙa kwata. Idan ba makawa, a haƙa da hannu, duk saiwar da ta kai kaurin babban yatsa a bar ta a zura bututun ta ƙarƙashinta. Tara jar ƙasa ko yashin gini a kan saiwoyi, da ajiye motoci kullum a inuwar, suna toshe wa ƙasa numfashi. Alamar ba ta fitowa sai bayan shekara biyu zuwa huɗu, lokacin kowa ya manta da haƙar.

26 ga Afrilu, 2025

Iskar farkon damina ta wuce. Ba wanda ya faɗi cikin 42 da ke tsaye. An sauke lamba 27 kwana goma kafin nan da izinin ofishin gandun daji. A kututturen an ga ramin ya fi yadda rodi ya nuna, ya hau har mita biyu da rabi. Zoben shekara ba su ƙirgu ba, tsakiyar ta tafi. Ko a lafiyayyen karibiya ma ƙirgar tana ruɗi, domin yakan yi zoben ƙarya, kuma yana iya fitar da hawan rassa fiye da ɗaya a shekara. Shekarun dashe sai dai a neme su a takarda. Tsofaffin bayanan gwajin shuka fain a Miango kusa da Jos da Afaka kusa da Kaduna, da ɗakin karatu na Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya da ke nan Jos tun 1958, su ne inda za a fara.

Abin da ya fi iska ɓarna shi ne datse kai. Masu share hanyar wayar lantarki sun guntule lamba 31 da 32 a tsayin mita shida. Darbejiya ko turare idan an yi musu haka sai su tofo da ƙarfi, shi ya sa mutane ke ɗauka kowane itace haka yake. Tsohon fain ba ya tofowa daga katakon da ba shi da allura. Reshen da aka yanke bayan allurarsa ta ƙarshe ya mutu ke nan. Lamba 31 ba a bar masa kore ko kaɗan ba, an rubuta shi matacce. Lamba 32 yana da rassa uku na ƙasa.

Yadda ake cire reshe idan dole: yanka na farko daga ƙasa, santimita 30 daga gangar, ya ci kashi ɗaya cikin uku. Na biyu daga sama, ɗan gaba da na farko, har reshen ya faɗi. Na uku ya cire guntun daidai wajen kumburin da ke wuyan reshe, ba a shafe da gangar ba. Kada a shafa fenti ko baƙin mai. Ƙaron da ke fitowa ya isa. Kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin goma na koren tsohon itace a shekara guda.

24 ga Mayu, 2025

Ƙasa ta jiƙu, an mayar da allurar da aka ajiye a buhu. Kaurin santimita 5 zuwa 8, daga taki ɗaya nesa da gindi zuwa bakin rassa, kada ta taɓa ɓawo. A Nuwamba za a sake janye ta mita biyu saboda wuta. Wahala ce sau biyu a shekara, amma barin ƙasa tsirara duk damina yana wanke ta har saiwoyi su fito.

Ƙanƙara ta sauka a gefe ɗaya na gari ta farfasa ɓawon ƙananan rassa a itatuwa biyar. A gonakin fain na Afirka ta Kudu an san cutar da ke shiga ta raunin ƙanƙara ta busar da kan rassa bayan 'yan makonni, don haka an ɗauki hoton biyar ɗin, za a sake ɗauka duk mako biyu daga wuri guda.

5 ga Yuli, 2025

Rajista yanzu 41 masu rai, ɗaya an sauke, ɗaya ya mutu a tsaye. An samu rahoton wasu shida a Vom da ba a je ba tukuna. Daga cikin biyar na ƙanƙara, ɗaya ya fara ja a kan rassan yamma. An yanke reshe biyu an duba, katakon ciki ya yi shuɗi-shuɗi. An ƙone su nesa, an wanke zarton da bilic.

Dashe: cikin leda 60 masu ƙasar tsohon fain, 54 sun rayu, korensu ya yi duhu, tsayi santimita 18 zuwa 24, kuma idan aka zare leda ana ganin farin zare a jikin saiwa. Cikin 22 na kwatanci saura 13, rawaya, ba wanda ya kai santimita 10. An zuba musu cokali biyu-biyu na ƙasar a gani ko za su farfaɗo.

An dasa 20 yau, uku-uku ko fiye a wuri guda saboda iri nan gaba, mita huɗu tsakani, ba ƙasa da mita takwas daga gini ko waya ba. Rami santimita 40 ta kowane gefe, wuyan dashe daidai bakin ƙasa, kejin waya mai tsayin mita ɗaya da rabi saboda awaki. Huɗu daga ciki suna kusa da kututturen lamba 27, amma ba a raminsa ba, domin gara na can. Saura 34 suna jiran keji. Za a dasa su kafin ƙarshen wata, in ba haka ba saiwa za ta naɗe cikin leda.